Hannun Hagu a Ajin Tihomir

Tun ranar da aka haɗa Tihomir da Malama Stoyanka jininsu bai haɗu ba. Shi sabon malamin lissafi ne a wata makaranta a garin Gabrovo, ita kuwa tsohuwar hannu ce da aka ba ta shi ta yi masa jagora shekara guda. In ya gama lafiya, jami'a za ta saka masa shekarar cikin makin digirinsa na biyu. In ya faɗi, ya sha wahalar banza. Abin da ya rage shi ne darasin gwaji, wanda malamin jami'a zai zo ya kalla.

"Saurara, ɗan samari," in ji Stoyanka a ɗakin malamai, tana gutsurar banitsa, wata gasasshiyar fulawa mai cuku. "Ka ce wa yaran kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba hagu. Haka muke yi tun kana goye."

"Wannan ai ha'inci ne, Malama," ya faɗa a gaban kowa. "Shi ya sa ɗalibanki ke fita ba su san komai ba."

Kai ka ji wauta! Ta goge bakinta a hankali. Daga ranar ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Da ranar gwajin ta matso, Tihomir ya gwada ajinsa, ya ga yawancinsu sai zare ido. Tsoro ya kama shi. Ya rufe ƙofa, ya koya musu dabarar da ya zaga, yana jin kunyar kansa.

Ranar gwaji kowace tambaya sai hannaye su tashi rututu. Tihomir na zaɓen na dama, malamin jami'a na gyaɗa kai yana rubutu. Stoyanka na gefen malamin jami'ar, ta harɗe hannu. Kallo ɗaya ta yi wa ajin ta gane.

"Malam Tihomir, ashe duk gwanaye ka tara," ta ce da murmushin mugunta. "Ba mu Rayna mana. Ga ta can, hannunta har ya gaji."

Rayna ta miƙe, ta dubi allo, ta dubi malaminta, idonta ya cika da ƙwalla.

"Malam, ai hagu na ɗaga," ta ce. "Kai ka yi alkawari ba za ka kira mu ba."

Malamin jami'a ya daina rubutu.