Kwana Fuɗu da Yaya Ɗan'iya Ya Ga Haske

"Gwaggo, wa ya ce ki ba Baba maganin nan?" Nasiha ce ke min tsawa, ɗiyar yayana, wadda ke aikin jinya a Tambuwal. Ko takalmi ba ta cire ba.

Na ce, "Ke, tari shika yi, ni ko ina da ragowar maganin da anka rubuta min bara. In zubar? Rabin matan Kebbe sun sha daga gwangwanina, ba wadda ta mutu sai Ummu, ita ma saniya ta tunkuye ta."

"Su ba su shan maganin zuciya! Naki na hana nashi fita daga jiki, sai ya taru ya zama guba."

Guba wai. Ni dai ban taɓa ganin Yaya Ɗan'iya cikin daɗi irin na kwana fuɗun nan ba. Tuwo ya ƙi shi, amai na taso mishi, amma yana zaune bisa buzu yana murmushi. Ya ce duniya ta koma ruwan zinariya. Buta na da rawanin haske, akuya ma haka. Bayan la'asar, in rana ta sauko kan darbejiya, marigayiya Atu matarshi kan zo ta tsaya a gindi tana sheƙar gero, geron na tashi sama a hankali, ba ya dawowa ƙasa. Bayanta kaɗai shika gani.

Mutum biyu kacal na gaya wa. Kafin Juma'a har daga Sanyinna sunka zo neman addu'a.

Nasiha ta duƙa, ta kama wuyan hannunshi, ta zura wa agogo ido.

"Baba, bugu arba'in da biyu kacal a minti. Zuciyarka na neman tsayawa. Gazali direba na waje da mota, tashi mu tafi asibiti. Ba ni sauran ƙwayoyin."

Ya dunƙule hannu a ƙirji. "Bar min guda, ɗiyata. Gobe Atu za ta juyo in ga fuskarta."

Na san in ta juyo, tare za su wuce.

Na gyara zama na ce, "To Yaya, sha. Ni ko gidan suna za ni yanzu. Kowa sai ya ji hasken Malam daga gwangwanin tarina ya fito, har wurin da na sayo shi."

"Ba ki yi."

"Ka san ni."

Ya daɗe yana kallona, ido a lumshe. Sannan ya buɗe hannu, ƙwayoyi ukku sunka gangara bisa tabarma. Nasiha ta tallafe shi ya miƙe. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dube ni.

"Har ke ma haske nika gani a kanki. Lalle ciwo ne."

Ya ja ƙyauren ya buga shi garam.