Nonon Barmu da Hayaƙin Walda

Duk unguwarsu a Tawa an san Hajaratu da abu biyu: bakinta da ƙwaryar nononta. Bakin na gado ne. Nonon kuwa daga ƙauyen Barmu yake zuwa kowace safiya a motar kasuwa, daga shanun yayanta, kuma na mutum ɗaya ne, mijinta Muktari mai walda.

Muktari ba irin masu waldar ƙofa da taga ba ne. Shi cikin tankunan manyan motocin ruwa yake shiga ta ɗan bakin nan na sama, ya liƙe inda ya tsage, ya fito hancinsa baƙi ƙirin. Maganin wannan kuwa kowane mai walda ya san shi: a sha nono, ya wanke hayaƙin. Haka Baba Ɗangana, wanda ya koya masa sana'ar, ya faɗa, haka aka yi shekara goma sha bakwai. Hajaratu ba ta taɓa fashi ba, ko ranar da ta haihu sai da ta aika.

Baba Ɗangana yanzu yana zaune a zaure. Fuskarsa ta daskare, ba dariya ba fushi. In ya tashi tafiya sai ya riƙa ɗage dugadugai, in aka taɓa shi kaɗan ya yi baya zai faɗi. Mutane suka ce iska ce. An yi rubutu, an yi turare, iskar ba ta ko gezau ba.

Hajaratu ma iska take cewa, har ranar Juma'ar da ta ga Muktari yana kokawa da maɓallin rigarsa. Mutumin da ke jan wuta a kan ƙarfe kamar mai ɗinki, wai maɓalli ya gagare shi. Daga nan ta fara lura, ta kuma yi da-na-sanin lurar. Carbi yana zame masa. Yana kwana da ciwon kai. 'Yarsu Haula ta yi abin dariya, kowa ya dara, shi fuskarsa shiru. Tsoro ya shige ta, irin wanda ba a gaya wa maƙwabciya.

"Baban Haula, mu tai likita," ta ce masa.

"Gajiya ta. Kawo man nonona."

Da Delu, matar Baba Ɗangana, ta gaji da turare ta ce za ta kai tsohon asibiti, Hajaratu ta yi wuf ta ce za ta raka su. Ba don Allah kaɗai ta yi rakiyar ba.

Likitar wata mace ce daga Damagaram, sunanta Zuhura. Ta sa tsohon ya yi tafiya, ya juya, ya taɓa hancinsa. Sannan ta tambayi sana'arsa, da inda yake yin ta. Da aka ce cikin tanki, sai ta ajiye alƙalami.

"Sai mun yi gwaji kafin in tabbatar," ta ce. "Amma hayaƙin walda ba irin na itace ba ne. Ƙarfe ne ya narke ya zama gari, garin da ido ba ya gani. Ba duka yake tsayawa a huhu ba. Wani yana ratsawa ya shiga jini, jini kuwa ba inda ba ya zuwa: zuciya, ƙoda, ƙwaƙwalwa."

"To ai suna shan nono, lokotoro," in ji Hajaratu. "Kullum. Mai kyau, na Barmu."

Likitar ta dube ta, ba raini a idonta, kuma wannan ya fi raini ciwo.

"Yaya, nono ciki yake zuwa. Hayaƙin ta hanci yake bi. Ba su ma haɗuwa a hanya."

"Yana warkewa?" in ji Hajaratu.

"Abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba. Wanda ya rage ake tsarewa. Mijinki ma walda yake yi?"

Nan take wani abu ya faɗo wa Hajaratu a rai. Shekara shida da suka wuce wani direba ya kawo wa Muktari takunkumin hanci na roba, mai gwangwani biyu a gefe. Ya sa shi a tsakar gida yana nuna mata. Ita kuwa da bakin nan nata ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce ya koma awa jakin da anka ɗaure ma baki. Sannan ta ɓata rai ta ce, "Wato nonona bai isa ba?" Ya cire ya miƙa mata. Tun ranar yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta.

Ta bar Delu a asibitin ko sallama ba ta yi ba. Ta hau kabu-kabu zuwa gida, ta zare takunkumin daga ƙusa, ta kaɗe yanar gizo, ta ce wa mai babur ya yi garejin da Muktari ke aiki.

Wata babbar mota na tsaye, shuɗin haske na walƙiya daga bakin tankinta, hayaƙi na fitowa a hankali. Ta ɗauki dutse ta dinga dukan tankin, masu gareji suna kallonta kamar mahaukaciya. Hasken ya mutu. Muktari ya leƙo, ya sauko tsanin sannu a hankali, yana laluben kowane mataki da ƙafa. Yaushe ya fara saukowa haka? Ba ta sani ba.

"Lahiya? Ina nonon?"

"Babu nono yau. Sa wanga, kuma gobe mu tai likita."

Ya dubi takunkumin, ya dube ta. Ta jira ya yi mata gori, ko ya yi dariya. Wallahi da ya zage ta ma da ta ji daɗi. Fuskarsa ba ta motsa ba.

Ya karɓa, ya ɗora a hanci, ya kai hannuwa ƙeya zai ɗaura. Igiyar ta kuɓuce. Ya sake, ta sake kuɓucewa. Yatsunsa suna rawa, ƙarfen maɗaurin yana ƙara a hannunsa. Masu gareji suka sunkuyar da kai.

Hajaratu ta zagaya bayansa, a gaban mazan nan duka, ta ɗaura masa da kanta.