Dalar Kwalin Sabulu

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, tsohon malamin lissafin bai ƙara taɓa almakashi ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana yanka kwali, yana harhaɗa siffofi don 'yan aji su gani su taɓa. Yanzu hannun dama na kwance a cinyarsa kamar na aro.

Wata Asabar da hantsi autarsa, wadda ita ma koyarwa take yi, ta shigo ta zube a kujera.

"Baba, an kawo mini makauniya aji. Na zana dala a allo na ce kowa ya duba, sai ta ɗaga hannu ta ce, 'Malama, ni fa?' Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige."

Ya yi nuni da hannun hagu. "Ɗauko kwalin sabulun can, da rula."

Ita ke yanka, shi ke faɗa. "Ba haka ba! Ja layin da bayan almakashi tukuna, sai ya lanƙwasu bai karye ba. Bar masa kunne a gefe, nan gam zai kama."

Ta farko ta fito a karkace. Ya yi dariya har da tari. "Wannan dalar ai mari ta sha."

"Kai ma haka ka fara, Baba."

"Tawa ta fi muni. Malaminmu da takardar buhun siminti ya koya mana, gam ɗin kuwa fulawa ce da ruwa. Shi ma a wani tsohon littafi ya kwafo zanen. Kafin hutu ɓeraye sun cinye rabin darasin."

Ta uku ta tsaya daram. Ya rufe ido, ya shafa ta da hannun hagu a hankali.

"Yatsa ba zai gane gefen nan ba. Liƙa masa zare mai kauri."

Ranar Litinin da la'asar ta dawo tana murmushi tun daga ƙofa. Makauniyar ta shafa dalar, ta ƙirga gefe takwas kafin masu ido su gama leƙen allo. Sauran kuma sun tada ƙayar baya, kowa sai an yi masa tasa.

"Su nawa ne?"

"Arba'in da biyu."

Tsohon ya gyara zama, ya ƙwala wa matarsa kira. "Daga yau kada a ƙara zubar da kwali a gidan nan!"