Sheƙar Kurciya

Auta a kantin magani take aiki, amma ranar hutu ba ta da abin yi sai bin tsuntsaye da kyamara a kurmin bayan unguwarsu. Kawunta ne ya koya mata. Tsohon mai ɗaukar hoto ne, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, sai bakin nan da ya rage da kaifinsa. Duk hoton da ta ɗauko, a ɗakinsa ake yi masa shari'a, gaban wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani.

Ran nan ta kawo masa hoton kurciya a sheƙa tana ciyar da 'ya'yanta biyu. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ina idon uwar?" in ji shi.

"Ganye ne ya rufe, Kawu."

"Tsuntsun da ba a ga ƙyallin idonsa ba gawa ne. Ga reshe ya ratsa ta kamar an soke ta, ga duhu. Ke hoton kurciya kika ɗauko ko na itacen girki?"

"Ai sheƙar ce can cikin duhuwa."

"To ki zauna ki jira haske. Gaggawar me kike yi?"

Ta jira. Ta yi ta komawa, sauro yana cin ƙafafunta, hasken bai taɓa ratsa ganyen ba. Ita kuwa tunda take ba ta taɓa jin yabo daga bakin Kawu ba, abin yana ci mata rai. Wata safiya ta ari adda a maƙwabta, ta jira uwar ta tashi kiwo, ta sare rassan da suka lulluɓe sheƙar. Rana ta sauka a kai tar. Da uwar ta dawo, bayan ta gama ɗari-ɗari, Auta ta samu abin da take so.

Washegari Kawu ya ga hoton har ya yi murmushi. "Yauwa, 'yar nan! Kin ga ido? Kin ga laushin gashin wuya?" Ya ƙara girman hoton don ya more kallo, sai hannunsa ya tsaya. A gefen sheƙar ga bakin reshe fari fat, ɗanyen sara.

"Wa ya sare nan?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Tashi ki je ki duba su," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Tun daga nesa ta hango hankaka a kan bishiyar, yana goge baki a jikin reshe. Sheƙar wayam, ta karkace. Ɗa guda babu shi babu alamarsa. Ɗayan yana ƙasa cikin busassun ganyen da ta sare, tururuwa sun rufe masa kai. Uwar tana can wani reshe tana kuka. Auta ta tona rami da yatsu ta rufe shi, ta daɗe zaune a wurin.

Da ta koma, Kawu bai tambaye ta komai ba, fuskarta ta ba shi labari. Bai yi faɗa ba, ita kuwa da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Ba ta daina kai masa hotuna ba. Sai ya karɓa, ya kalla sama-sama, ko tabarau ba ya ɗauka, ya ce, "Ya yi." Har da gangan ta taɓa kai masa wani mai dishi-dishi, an yanke wa tsuntsun wutsiya. Ya kalla, ya ce ya yi, ya tambaye ta ko ta zo masa da maganin ƙafarsa.