Yadda Ake Kiran Baba

Ankwar da 'yan sanda suka sa wa mijinta a tsakar falo ba ta ɗaga wa Auta hankali ba. Shi da yake direba ya sayar da tayoyin motar kamfani, ai ya san ranar nan na tafe. Maganar Sajan ce ta tsinka mata zuciya.

"Ku duba ɗakunan nan duka, kada wani ya laɓe da makami. Ke kuma zauna nan, kada ki motsa."

"Ranka ya daɗe, babana ne kaɗai a ɗakin baya. Kurma ne, wallahi ko tsawa ba ya ji!"

"Kowa haka yake cewa," in ji Sajan.

Baba gyaran takalma yake yi a ɗaki marar taga, kullum ya ba ƙofa baya, wuƙar yankan fata a hannu. Ba a dafa shi ta baya, zabura yake da wuƙar. Tabon hannun mijinta shaida ne. Shi ya sa a gidan da fitila ake kiransa. A kashe, a kunna, sai ya ajiye aiki ya juyo.

Wani kurtu sabon shiga, riƙe da bindiga, ya hankaɗa ƙofar baya.

"Ajiye wuƙar! Hannu sama!"

Baba na ta yankan fatar takalmi.

"Na ce ka ajiye!"

Tsoro ya gama kashe Auta. Makunnin ɗakin ya yi mata nisa, amma babban makunnin wutar gidan na jikin bango, bayan Sajan. Ta yi kukan kura ta finciko shi ƙasa, ta mayar sama. Kafin ta sauke hannu an maka ta da ƙasa, gwiwar Sajan a gadon bayanta, leɓe ya fashe.

Daga kwancen tana hango ɗakin. Baba ya ajiye wuƙar, ya juyo da murmushi, don a saninsa abinci ne ya sauka. Sai ya ga bakin bindiga, ya ga autarsa a ƙasa da jini a baki. Hannunsa ya soma laluben teburin da ke bayansa.

"Sajan, don girman Allah sakar mini hannu ɗaya! Da hannu yake jin magana!"

Sajan ya kalli tsohon, ya kalli yatsan kurtun a kan kunamar bindiga, ya sassauta.

Auta ta ɗaga hannu tana murmushi da jini a haƙora, ta yi wa ubanta ƙarya da yatsu: wasa ne, Baba, zauna.

Bai yarda ba. Amma ya zauna, ya ɗora tafukansa kan gwiwa, hawaye na bin gemunsa.