Ranar da Aka Durƙusar da Babur

Da Rakiya ta fita takaba a shekarar 1986, yayanta Daouda ya zo daga Lyon domin ya tafi da ita unguwarsu ta Guillotière, inda yake da shagon atamfa. Kayan ɗakinta na unguwar Porte de la Chapelle a Paris duk ta rabar, ban da jan babur ɗin mijinta Abdourahamane. An yi an yi ta sayar, ta ce ko alama. A kan babur ɗin nan, tana goye a bayansa, ta san Paris. Har ya rasu ba ta gane yadda yake sanin ta fara gyangyaɗi ko ta ɓata rai ba, alhali ko waiwaye ba ya yi.

Daouda ya yi mitarsa ya gaji, ya aro ramok, 'yar akwatin nan mai taya biyu da ake maƙalawa a bayan mota, da igiyoyi masu faɗi masu ƙugiya a baki. Shi kuwa mutum ne da in ya ɗaure dilar atamfa sai an sa wuƙa, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane haka. Ya tsayar da babur a ramok, ya ja igiya daga kowane hannu zuwa kusurwa, ya daki sirdi da tafi.

"Wanga ko Agadez za mu, ba shi motsi," in ji shi.

Ba su gama fita daga Paris ba ƙugiyar hagu ta zame. Ya tsaya ya ƙara tamkewa. Da suka hau babbar hanya ta dama ta zame, babur ya kwanta gefe har tankinsa ya kusa gogar ƙarfe. Gaban Rakiya ya faɗi, domin tankin nan marigayi da gefen rigarsa yake goge shi.

Abin ya ɗaure wa Daouda kai. Ya duba igiya, lafiyarta ƙalau. Ya duba ƙugiya, ba ta miƙe ba. Ya zargi mai ramok, ya zargi iska, ya zargi Faransawa gaba ɗaya. Rakiya kuwa sai ta juya a kujera ta zuba wa babur ido ta gilashin baya, tana son ta ga abin da yake yi in ba a kallonsa.

Can ta kama shi. Duk inda taya ta ci gargada, sai gaban babur ya duƙa, igiya ta saki, ƙugiya ta yi rawa, sannan ya miƙe kamar bai yi komai ba.

Da suka tsaya shan mai ta ce, "Yaya, moto ɗin ga duƙawa shikai."

"Duƙawa kamar ƙaƙa?"

"Ka tuna Baba a Tahoua? A tsaye yake ɗaure ma raƙumi kaya?"

Daouda ya tuna. Mahaifinsu sai ya durƙusar da raƙumi yake ɗora masa gishiri. Sai Daouda ya danna hannun babur, ya ga ƙarafan gaba sun shige cikin juna sun dawo. Ya sake dannawa, wannan karon yana murmushi, ya manta da fushin da yake yi.

"Ashe gwiwa gare shi. To wa za ya danne, ni ina jan igiya?"

Babu kowa sai ita. Ta tattare zane, ta taka ramok, ta zauna a gaban sirdi, inda ba ta taɓa zama ba. Ta riƙe hannayen, ta saki nauyinta. Babur ya durƙusa. Daouda ya ja ta hagu, ya zagaya ya ja ta dama, yana nishi yana yaba wa kansa.

Ita kuwa idonta ya sauka a madubai. Na hagu yana nuna titi da manyan motoci, yadda ya kamata. Na dama babu titi a ciki. An karkatar da shi ciki, yana kallon bayan kafaɗarta, daidai inda fuskarta take kasancewa in marigayi ya goya ta. Yanzu babu komai a wurin sai sararin sama. Kewarsa ta taso mata, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

"Sauko mu gani," in ji Daouda.

Ta sauko. Babur ya yunƙura zai miƙe, igiyoyi suka ɗame tamau. Daouda ya girgiza shi da iya ƙarfinsa, ramok da mota suka motsa tare, shi ko gezau. Sai ya lura da madubin, ya kai hannu.

"Hanya ta karkata wanga, bari in gyara."

Rakiya ta riƙe masa hannun riga.

"Bar shi, Yaya. Ba hanya ba ce."

Har suka shiga Lyon ba su sake tsayawa ba, ita kuma ba ta daina waiwaye ba.