Ranar da Datti Ya Wuce Bai Gaisa Ba

Shekara talatin da ɗaya Malam Datti yana jan mota tsakanin Gwarzo da Kabo, ba a taɓa jin ya wuce wanda ya sani a hanya bai gaishe shi ba. Abin da ya ɓata lamarin kuwa, babu wanda bai sani ba. Da ya hango mutum a bakin gona zai ɗaga ƙafa daga totur, ya leƙo da kai, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ƙafar saniyar da ta yi ciwo bara. Mata masu ƙwan zabi da ƙwaryar nono su ne ke son motarsa. Masu sauri kuwa, in suka ga shi ne a kan lodi, sai su tuna ba su karya ba.

Da aka shimfiɗa sabuwar kwalta, direbobin tasha suka fara ƙorafi a kan allon bakin hanya mai lamba sittin. Sabon shugabansu Sharfaddeen, wanda Datti ya ci tuwon sunansa, ya tara su a gindin darbejiya ya nuna musu takardar da ya rubuta, ta neman a mayar da sittin ɗin ɗari.

"Titi sumul kamar faranti, a ce mu riƙa rarrafe?" in ji shi.

Datti ya yi gyaran murya. "Shugaba, wai ina za ku je ne? Kabo tana nan inda take. Jiya ma a can na bar ta."

Aka kwashe da dariya, ban da Sharfaddeen.

"Baba, da ma kai ne ke ɓata mana suna. Saboda kai mutane suka koma hawa babur. Ranar Laraba ni da kaina zan shiga gidan gaba. In ba ka kai ni Kabo cikin rabin awa ba, an cire ka daga layi."

Layin nan kuwa shi ne tuwon gidan Datti. Da ya kai wa matarsa Uwaliya labari, sai ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, rabin awa ne fa. Ka ɗauka duk wanda ka gani a hanya turken awaki ne. In ka dawo ka bi su gida-gida ka ba su haƙuri."

Ta aro masa baƙin tabarau a maƙota, don kada ya haɗa ido da kowa zuciyarsa ta karye.

Ranar Laraba da hantsi Sharfaddeen ya zauna a gaba, ya ɗaga waya kusa da kunnen Datti yana duba lokaci. Datti ya yi bisimilla ya taka. Motar da ba ta taɓa sanin giya ta huɗu ba ta yi wani irin kuka, kamar an taka wutsiyar akuya.

Salisu mai rake ya riga ya ɗaga hannu, suka wuce shi fuu. Gwaggo Bilki ta sauke ƙwaryarta tana shirin gaisuwa, ta sha ƙura. Can gaba ga Jalo da shanunsa, abokin Datti tun suna yara. Datti ya kafa ido a kan titi. Bai juya ba, sai dai leɓensa ya motsa.

"Sannu Jalo. Ya shanu. Ya mai jiki."

"Me ka ce, Baba?"

"Tasbihi nake."

Suna shigowa Garo, Datti ya danna birki har goshin Sharfaddeen ya gaisa da gilashi. An gindaya benci biyu da amalanke a tsakiyar titi, ga jama'a maƙil da sanduna. Kafin wani ya yi magana an ɓalle ƙofa an finciko Sharfaddeen.

"Ga shi nan! Shi ne ya ɗora masa abu a kunne!"

"Waya ce! Wallahi waya ce!"

Sai ga Jalo a bayan babur, hularsa a hannu, yana haki. "Ni na bugo muku! Datti ya wuce ni bai ce uffan ba, an rufe masa ido da baƙin abu, wani kuma ya ɗora masa abu a kunne kamar bindiga. Na ce wallahi sace shi aka yi!"

Wani ƙato ya shaƙe wuyan rigar Sharfaddeen. Sharfaddeen ya ƙwala kira, "Baba, gaya musu! Don Allah gaya musu!"

Datti ya fito ya cire tabarau, ya buɗe baki zai yi bayani. Sai idonsa ya faɗa kan Limamin garin, dattijon da ya girme shi da shekara ashirin. Ta ina mutum zai fara magana a gaban Liman babu gaisuwa? Ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, barka da hantsi. Ina gajiya? Ya iyali? Ya jama'a? Ya muka ji da zafi?"

Daga Liman sai mai unguwa. Daga mai unguwa sai Jalo, wanda aka biya shi gaisuwar ɗazu da ta yanzu. Har ƙaton nan sai da Datti ya tambayi lafiyar babarsa, shi kuwa yana amsawa cikin ladabi bai saki wuyan rigar ba.

Sai da aka zagaye kowa sannan Datti ya ce, "Af, wannan shugabanmu ne. Gwada ni yake yi."

Aka saki Sharfaddeen, aka kakkaɓe masa riga, aka nemo masa takalmi ɗaya a ƙarƙashin amalanke. Suka koma mota. Datti ya tayar a hankali.

"Shugaba, me agogon ya ce?"

"Baba, bar maganar agogo. Layinka yana nan."

Ya zaro takardar neman ɗari daga aljihu yana fifita da ita. Can suka hango wani tsoho a bakin gona riƙe da fartanya, ya tsaya yana ƙare wa motar kallo. Sharfaddeen ya yi wuf ya leƙa ta taga.

"Baba, rage, rage! Sannu da aiki, Malam! Ya gida? Lafiya muke tafe, wallahi!"